Siegfried Frederick Nadel (1903–1956): Rayuwarsa da Nazarinsa Kan Farautar Mayu a Ƙasar Nufe

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin Siegfried Frederick Nadel, masani a fannin nazarin al'ummu da al'adunsu, wanda ya zauna a ƙasar Nufe tsakanin 1934 da 1936. An waiwayi asalinsa da karatunsa, da yadda ya bar harkar kiɗa ya koma nazarin al'ummun Afirka, sannan aka tsaya a kan abin da ya gano game da zargin maita da farautar mayu. Maƙalar ta nuna cewa babbar gudunmawarsa ita ce ɗauke ido daga kan maye zuwa kan mai zargi da wadda ake zarga da mai cin ribar zargin. Daga ƙarshe an auna amfanin wannan hanya ga nazarin maita a ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi nisa a nazarin al'adun Hausawa ya san Turawan da suka fara rubutu a kan iskoki da bori da maita. Akwai A. J. N. Tremearne, wanda ya fitar da *Hausa Superstitions and Customs* a 1913 da *The Ban of the Bori* a 1914. Akwai kuma Joseph Greenberg da littafinsa na 1946 a kan addinin Maguzawan ƙasar Kano. Sunan Nadel bai cika fitowa a wannan jeri ba, domin shi Nufawa ya nazarta. Sai dai ƙasar Nufe maƙwabciya ce ta kusa. Ta kasance cikin Daular Usmaniyya ƙarƙashin Gwandu, fatake Hausawa sun daɗe suna ratsa ta, kalmomin Hausa kuma sun samu wurin zama a fadarta da kasuwarta. Idan kuwa ana maganar farautar mayu, wato yadda jama'a ke tashi haiƙan su nemo wanda za su ɗora wa alhakin ciwo ko mutuwa su hukunta shi, to Nadel na cikin waɗanda suka fara yi wa batun nazari mai zurfi a Arewacin Nijeriya.

Magabatansa sun fi mayar da hankali ga tattara abin da ake cewa maye yana yi. Shi kuwa sai ya tambaya: wace ce ake nunawa da yatsa, wane ne ke nunawar, kuma wa ke ƙaruwa bayan ƙura ta lafa?

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Nadel ranar 24 ga Afrilu, 1903, a Lemberg, birnin da a lokacin yake cikin Daular Ostiriya da Hangari, wanda a yau ake kira Libib a ƙasar Yukren. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa kuma lauya ne a hukumar jiragen ƙasa. A 1912 gidan ya koma Biyana, a can ya yi karatunsa.

Kiɗa ne abin da ya fara sa a gaba. Ya koyi buga fiyano da tsara kiɗa, a Jami'ar Biyana kuma ya haɗa nazarin kiɗa da falsafa da ilimin halayyar ɗan'adam. Cikin malamansa akwai Karl Bühler, masanin halayya da harshe, da Moritz Schlick, masanin falsafar kimiyya. Ya kammala digirin digirgir a 1925 yana ɗan shekara 22, da bincike a kan yadda zuciyar mai sauraro ke karɓar sautukan da suka dace da juna. Ya yi aiki na ɗan lokaci a matsayin mataimakin jagoran makaɗa a gidan wasan opera na Dusaldof a Jamus, ya kuma auri Lisbeth Braun a 1926.

Aikin da ya yi a ɗakunan adana sautuka, inda ake ajiye kiɗan al'ummun duniya da aka naɗo, shi ya fara haɗa shi da Afirka. A 1931 ya wallafa nazari a kan marimba, wani kayan kiɗa na katako da ake bugawa da 'yan sanduna. A Balin ya yi mu'amala da Erich von Hornbostel da Curt Sachs, manyan masu nazarin kiɗan al'ummu, ya kuma karanci harsunan Afirka a wajen Diedrich Westermann. Horon da ya samu a Biyana bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Daga Bühler ya ɗauki lura da abin da ke ƙunshe a zuciyar mutum, irin su tsoro da hassada da takaici, daga Schlick kuma ya ɗauki ƙin yarda da bayanin da ba a iya gwada shi ba.

3.0 Daga Balin Zuwa Landan

A 1932 ya samu tallafin karatu daga kuɗin Gidauniyar Rockefeller ta hannun Cibiyar Nazarin Harsuna da Al'adun Afirka ta Duniya, wadda aka kafa a Landan a 1926 Lord Lugard yana shugabanta. Ya shiga Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan ƙarƙashin Bronislaw Malinowski da C. G. Seligman, tare da Meyer Fortes, wanda daga baya ya nazarci Talensi na arewacin Gana. Bai daɗe da barin Jamus ba Hitila ya hau mulki a Janairun 1933, aka fara mayar da Yahudawa abin ɗora wa laifin duk wata masifar ƙasa. Aikinsa bai sake komawa Jamus ko Ostiriya ba.

Koyarwar Malinowski ita ce mai bincike ya zauna cikin mutane ya daɗe, ya koyi harshensu, ya dubi kowace al'ada ta fuskar aikin da take yi wa zaman jama'a. Yawancin ɗalibansa ƙananan al'ummu suka nufa. Nadel kuwa aka tura shi masarauta mai birni da fada da haraji da malamai da dogon tarihi.

4.0 A Ƙasar Nufe

Nadel da matarsa sun yi zama biyu a ƙasar Nufe tsakanin 1934 da 1936. Ya iske Etsu Sa'idu a kan gado, yana cikin aikin kuma aka naɗa Etsu Muhammadu Ndayako a 1935. Ya koyi Nufanci, ya zauna a Bida da garuruwa irin su Doko da Kutigi da Mokwa, ya kuma bi Kede, masu jiragen ruwa na kogin Kwara. Tsakanin zaman biyu ya koma Landan ya kammala digirin digirgir na biyu a 1935.

Masarautar da ya tarar ta sha juyi iri-iri. Zuriyar Malam Dendo sun karɓe mulki daga gidan Tsoede a ƙarni na 19, suka mayar da Bida babban birni. Sojojin Kamfanin Neja sun ci garin a 1897, mulkin Ingila ya biyo baya. A littafinsa *A Black Byzantium* na 1942, wanda Lugard ya rubuta wa gabatarwa, Nadel ya zayyana gidajen sarauta uku da ke karɓa-karɓa, da tsarin muƙamai da haraji da mallakar ƙasa, da masu sana'a irin su maƙeran tagulla da Masaga masu narka gilashi. Ya bi diddigin kuɗin shiga da na kashewa na gidaje, na miji daban na mata daban. Wannan lissafi na cikin gida shi ne ya buɗe masa ƙofar fahimtar maita.

5.0 Maita a Wajen Nufawa

Bisa abin da Nufawa suka shaida masa, mayya mace ce. An yi imani cewa da dare takan bar gangar jikinta a kwance, inuwarta ta fita ta haɗu da 'yan'uwanta, su cinye ran wanda suka kama, shi kuwa ya yi ta ramewa har ya mutu. Maza ma an ce suna da wani ƙarfi makamancin wannan, amma nasu ya fi karkata ga kariya, kuma ana ganin maitar mata ba ta cika aiki sai da taimakonsa. Mayun suna da shugaba mai laƙabin Lelu, wadda jama'a ke ɗauka ita ce shugabar matan kasuwa. Ita ana zaton tana amfani da ƙarfinta wajen tsawatar wa sauran.

Haɗuwar shugabancin kasuwa da na mayu a hannun mace ɗaya ya ja hankalin Nadel. Matan Nufawa 'yan kasuwa ne, wasunsu har fatauci suke yi zuwa garuruwa masu nisa. Da yawa sun fi mazajensu manoma kuɗi. Miji kan ci bashin matarsa, ita ce kuma sau da yawa ke ɗaukar nauyin da al'ada ta ɗora wa uba, kamar hidimar bukukuwan 'ya'ya da kuɗin auren ɗa namiji. Al'ada ta ce mace ba ta fita fatauci sai wadda ba ta da 'ya'ya, amma da yawa sukan bar 'ya'yan su tafi, maza na zarginsu da gudun haihuwa da sakin jiki a hanya. Namijin da ya tashi da sanin cewa shi ne mai gida ya wayi gari a ƙarƙashin wadda ya aura, ba shi kuma da ikon canza lamarin.

Nadel ya lura cewa halayen da ake siffanta mayya da su, wato son mulki da taurin kai da ƙin zaman uwa, su ne ainihin halayen da maza ke kuka da su game da 'yar kasuwa. Ya lura kuma cewa a ƙararrakin da ya tattara, galibi wanda ake cewa an kama namiji ne matashi da ke ƙarƙashin ikon wata babbar mace. Ya fara bayyana wannan bincike a mujallar *Africa* ta 1935, a fitowar da aka keɓe wa batun maita. A cikinta ne E. E. Evans-Pritchard ya yi rubutu tun kafin fitowar littafinsa na 1937 a kan Azande, Audrey Richards kuma ta kawo labarin ƙungiyar masu farautar mayu da ta ratsa ƙasar Bemba a Zambiya ta yau.

6.0 Ndakogboya: Farautar Mayu da Baitulmalin Sarki

Makamin da maza suka tanada shi ne Ndakogboya, wani dodo na ƙungiyar asiri wadda mace ba ta shiga. Siffarsa doguwar rigar ƙyalle ce kamar bututu, mai ninka tsayin mutum sau biyu ko fiye, da mutum a ciki yana ɗaga ta da sanda, tana miƙewa tana lanƙwashewa. Bajamushe Leo Frobenius ya gan shi a Mokwa a 1911. Tatsuniyar asalinsa ma ta nuna inda aka dosa: wani sarki ne uwarsa ta dame shi da shisshigi a harkar mulki, boka ya ba shi shawarar ɗinka wannan riga, ita kuwa ta rufe uwar ta yi sama da ita, ba a sake ganinta ba.

Idan dodon ya sauka a gari, akan tara mata a yi rawa, shi kuma yana kewayawa har ya sunkuya a kan wadda ake tuhuma. Akan kai ta daji a sa ta tonon ƙasa da farcenta, in jini ya fito an tabbatar mayya ce. Gwaji ne da babu mai tsallake shi muddin aka daɗe ana yi. Wadda ta faɗi, ko dai a hallaka ta ko ta fanshi kanta da dukiya mai yawa.

Abin da ya fi muhimmanci a binciken Nadel shi ne tarihin ƙungiyar. A zamanin Etsu Masaba, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1873, fada ta rungumi Ndakogboya, shugabanta mai laƙabin Majin Dodo ya zama mai riƙe da sarauta daga hannun sarki. Daga nan dodon ba ya jiran gayyata. Yakan dira a ƙauye da sunan maita ta yi yawa, noma da ciniki su tsaya cik, har sai mutanen garin sun tara kuɗi sun sallame shi, wani kaso kuma ya wuce fada. Tsoron mayu ya zama hanyar tara kuɗi da murƙushe ƙauyuka, mata 'yan kasuwa kuma su ne suka fi ɗaukar nauyin.

Gwamnatin mulkin mallaka ta haramta Ndakogboya a 1921, amma tsoron bai tafi tare da dodon ba. Shekaru kaɗan kafin zuwan Nadel, jama'a a Bida suka tasar wa mata uku 'yan gida ɗaya, tsohuwa da 'yarta da jikarta, bisa zargin maita. Taron ya jefe su har lahira, garin ya yamutse. Wannan al'amari ya nuna ƙullin da hukumomin mulkin mallaka suka shiga a sassan Afirka da dama. Doka ta hana farautar mayu, talakawa kuma suka fassara hanin da cewa hukuma ta koma bayan mayu, sai suka ɗauki hukunci a hannunsu. Hana dodo fita bai taɓa bashin da ke tsakanin miji da mata ba, bai kuma rage mace-macen da ake nema wa dalili ba.

7.0 Sudan da Shekarun Yaƙi

A 1938 gwamnatin Sudan ta ɗauke shi aikin bincike a Duwatsun Nuba na lardin Kurdufan. Ya yi aikin har 1940, ya nazarci al'ummu 10, sakamakon ya fito a littafin *The Nuba* a 1947. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani ya shiga soja a 1941. Ya riƙe muƙamin sakataren harkokin 'yan ƙasa a gwamnatin sojan Ingila a Iritiriya yana Manjo, daga baya aka mayar da shi Tarabulus ta Libiya a 1945 yana Laftanar-Kanar. Zaman Nuba ya ba shi abin da Nufe kaɗai ba za ta ba shi ba, wato ƙananan al'ummu maƙwabtan juna masu kama da juna a kusan komai, waɗanda suka saɓa a abu ɗaya ko biyu.

8.0 Kwatancen Al'ummu Huɗu

A 1952 mujallar *American Anthropologist* ta buga maƙalarsa da ta fi shahara, inda ya kwatanta maita a al'ummu huɗu, biyu-biyu. Hikimar ita ce, idan maƙwabta biyu sun yi tarayya a muhalli da sana'a da tsarin dangi amma suka bambanta a maita, to sai a nemo wani bambancin da ke tafiya tare da wannan.

Tagwayen farko su ne Nufawa da Gwari. Dukkansu sun yarda da maita mai cin rai, amma a wajen Gwari maye kan zama namiji ko mace, wanda ake kamawa ma haka, tsarkake gari kuma ya shafi kowa da kowa. Bambancin da Nadel ya samu shi ne matan Gwari ba su da irin ƙarfin kasuwanci da ya juya zaman aure a Nufe.

Tagwaye na biyu su ne Korongo da Mesakin na Duwatsun Nuba. Dukkansu ta wajen uwa suke lissafin dangi, yaro kuma kawunsa yake gada. A duka biyun, idan yaro ya balaga ya shiga gasar ƙarfi ta farko, kawun zai ba shi dabba daga garkensa a matsayin somin-taɓin gado. Korongo ba su san maita ba sam. Mesakin kuwa tsoronta ya dabaibaye su, kuma wanda aka fi zarga shi ne kawu, a kan ɗan 'yar'uwarsa. Nadel ya gano cewa Korongo sun kasa rayuwar namiji mataki 6, mutum yana sauka daga samartaka zuwa tsufa sannu a hankali. Mesakin mataki 3 kawai gare su. Da zarar mutum ya zama uba, an raba shi da kokawa da zaman garke da duk abin da ake alfahari da shi, alhali da sauran ƙarfinsa. Yaron da ya zo neman gadonsa tamkar ya zo sanar da kawun ne cewa tasa ta ƙare. Shi ya sa kawu kan hana, a yi ta rigima, in wani abu ya sami yaron kuma kowa ya san wanda za a nuna.

Masana da dama na wancan zamani suna ganin zargin maita yana da amfani, domin yana ba mutane kafar huce haushi, yana kuma tilasta kyautata wa maƙwabci. Nadel bai musa cewa zargin yana kare tsarin da jama'a suka saba da shi ba, tunda macen da ta fi ƙarfin miji da tsohon da ya ƙi sakin samartaka su ake hukuntawa. Amma ya ƙi yarda a kira wannan waraka. A ganinsa zargin yana kawar da fushi daga kan tsarin da ya haifar da matsalar, ya sauke shi a kan mutum ɗaya mai rauni. Tsarin yana nan yadda yake, gaba tana ƙaruwa, gobe kuma sai an nemo wani.

9.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Bayan yaƙi ya koma koyarwa a makarantarsa ta Landan a 1946. A 1948 ya zama shugaban sashen fanninsa a kwalejin Jami'ar Durham da ke Niyukasil, a 1950 kuma aka naɗa shi farfesa na farko a wannan fanni a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera. A waɗannan shekaru ya fitar da *The Foundations of Social Anthropology* a 1951 da *Nupe Religion* a 1954, inda ya faɗaɗa bayanin maita da Ndakogboya da shigar Musulunci cikin rayuwar Nufawa. Ya rasu kwatsam sakamakon ciwon zuciya a Kanbera ranar 14 ga Janairu, 1956, yana da shekara 52. Littafinsa na ƙarshe, *The Theory of Social Structure*, ya fito a 1957.

10.0 Tasirinsa da Sukar da Aka Yi Masa

Hanyar bin sawun zargi, wato a tambayi dangantakar mai zargi da wanda ake zarga, ta bunƙasa a ayyukan Max Marwick a kan Cewa da na Mary Douglas. Daga nan ta tsallaka zuwa masana tarihin Turai, waɗanda ke neman fahimtar farautar mayun da aka yi tsakanin ƙarni na 15 da na 18, wadda aka ƙiyasta ta ci rayuka 40,000 zuwa 60,000, mafi yawansu mata. Alan Macfarlane a 1970 da Keith Thomas a 1971 sun yi amfani da darussan Afirka suka nuna cewa a ƙauyukan Ingila, sau da yawa wadda ake zarga matalauciyar maƙwabciya ce da aka hana taimako.

Bai tsira daga suka ba. A 1973 James Faris ya tuhume shi da yi wa mulkin mallaka hidima, tunda gwamnati ce ta ɗauke shi aikin Nuba domin sauƙaƙa mulki. Akwai kuma rauni a bincikensa na Nufe: muryar maza ta rinjayi ta mata, alhali matan ne abin ya shafa. Masanan baya irin su Peter Geschiere sun ƙara da cewa maita ba ta tsaya ga rikicin cikin gida ba, tana bin kuɗi da siyasar zamani duk inda suka shiga. Sai dai wannan batu na ƙarshe, labarin Majin Dodo da baitulmalin Masaba ya riga ya haska shi.

11.0 Darasi ga Nazarin Maita a Ƙasar Hausa

A wajen Bahaushe maita ba ta keɓanta ga jinsi ɗaya ba, akwai maye akwai mayya, ta nan ya fi kusa da Gwari. An yi imani ana shan ta a nono ko a haɗiyi ƙanƙara, maye ya kama kurwar mutum, majinyaci ya riƙa ambaton sunansa, a tilasta wa wanda aka ambata ya tsallake shi. Sarkin Mayu, wanda ake kai wa ƙara ya sa a saki kurwa, ya yi kama da Lelu ta fuskar cewa da ɗan gari akan ci gari. Tabon kuma ba ya tsayawa kan mutum ɗaya, yakan bi zuriya har a guji aurensu. Pamela Schmoll, a bincikenta na 1993 a yankin Maraɗi, ta ruwaito mutane na cewa maitar da a da gadonta ake yi, yanzu da kuɗi ake sayenta.

An yi rubuce-rubuce masu yawa da Hausa a kan siffofin maye da magungunan kariya. Tambayoyin Nadel su ne ke buƙatar ƙarin aiki: kishiya ce ake zarga ko suruka, gwauruwa ko baƙo, mai abin hannu ko matalauci? Wace rigimar gona ko gado ko aure ce ta gabaci zargin? Wane ciwo ne ake fassarawa da kamun maye, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau ke sa majinyaci sambatu? Nawa ake biya, kuma wa ke karɓa? Kudancin Jigawa, wajen Birnin Kudu da Gwaram, inda Hausawa da Fulani ke zaune kusa da Warjawa a kan iyakar Bauchi, wuri ne da ya dace da irin kwatancen maƙwabta da ya yi.

Batun kuwa na rai da mutuwa ne. A Fabrairun 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum 5 hukuncin kisa saboda kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a ƙaramar hukumar Wudil a 2023, bayan matar ɗaya daga cikinsu ta ce ta gan ta a mafarki tana bin ta da wuƙa. Wudil na kan hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Birnin Kudu. Sashe na 216 na kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, ya mayar da zargin wani da maita laifi. Shari'ar Musulunci ba ta karɓar mafarki a matsayin hujjar zubar da jini. A Yulin 2021 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 47/8 a kan cutarwar da ke biyo bayan irin wannan zargi. Dokoki sun wadata, amma abin da ya faru a Bida bayan hanin 1921 ya nuna iyakar abin da hani kaɗai ke iya yi.

12.0 Kammalawa

Nadel ya shigo nazarin Afirka ta ƙofar kiɗa, ya zauna da Nufawa kimanin shekara biyu, ya rasu bai cika shekara 53 ba. Abin da ya bari a kan maita bai wuce maƙaloli biyu da wani sashe na littafi ba, amma a cikinsu ya nuna cewa zargin maita yana bin layin da ake iya ganowa, cewa masu mulki na iya mayar da shi hanyar samu, kuma cewa hukunta wanda aka zarga ba ya kashe wutar da ta haifar da zargin. Bahaushe ya ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Aikin da ke gaban manazarta shi ne su saurari uwar ɗan da baƙin cikinta, su kuma saurari wadda aka nuna da yatsa, wadda ita ce aka fi mantawa da ita a rubuce-rubuce.